Abin da Ya Zarce Mota

Bayan a-kori-kurar babana ƙafa biyar da rabi ne,
kwalekwalen kuwa ƙafa goma sha biyu.
Lissafin bai taɓa fita ba.
Shi ya sa wata bazara ya dawo daga Marquette
da wani baƙin ƙarfe a kwali,
mai siffar mutum ya shimfiɗa hannuwa biyu,
ya ce wa Mama: inda jiki bai kai ba, aro ya kai.

Yau ni ce durƙushe a kan tsakuwa,
ina cusa ƙarfen a ramin jan tirela.
Gishirin hunturu ya ci bakinsa, ya ƙi shiga.
Baba na tsaye a kaina da jar safa da silifas,
tun safe sau uku yana tambayata 'yar gidan wa.
"Marit ce, Baba."
"To, madalla," in ji shi,
kamar wanda aka gaya wa farashin mai.

Amma da na ɗauko guduma sai ya kama mini hannu.
"Ba a dukansa. Ɗaga kaɗan, ki girgiza."
Na ɗaga, na girgiza, ya zurma.
Ya zaro fil daga aljihu,
ban san yaushe ya ɗauke shi ba.

Muka sauke murfin baya.
Koren nasa ne, rawayan na Mama,
shekara biyu yana kife a rumfa, gizo-gizo na haya a ciki.
Muka tura su kafaɗa da kafaɗa,
hancinsu a jikin gilashi, wutsiyarsu a kan ƙarfen aro.
Ina jan ɗamara, ƙat, ƙat, ƙat,
ya ce, "Ya isa! Ba ɓarawo kika kama ba.
Roba ce, in kin matse, rana ta lotsa ta."
Igiya ɗaya ta hanci, ɗaya ta ƙugu,
sannan jan ƙyalle a can ƙarshe.
"Duk abin da ya zarce mota a sa masa ja,
ba don kai ba, don na bayanka."

A kwana na buɗa da faɗi,
wutsiya tana shara a inda idona bai kai ba.
Kwalta ta ƙare, burji ya fara,
itatuwa masu ganyen allura suka rufe sama.
Bai san garin da muka bari ba,
bai san shekarar da muke ciki ba,
amma mil goma cif ya buga gaban mota da tafi:
"Tsaya mu duba ɗauri."

Ɗauri na nan daram.
Ƙyallen ne iska ta yi gaba da shi.
Na tsaya ina duban hanyar da muka baro,
sauro na cin rabonsa a wuyana.
Da na juyo, yana zaune a kan murfin,
ƙafa ɗaya tsirara, fara fat, jijiyoyi shuɗɗa,
yana ƙulla safarsa a wutsiyar rawayan,
ƙulli biyu, ya ja ya gwada da haƙori.

Haka muka isa tafkin Au Train,
safa tana rawa a madubi.

Ruwa kwance kamar faranti.
Na kwance kayan, na ja su bakin yashi,
na miƙa masa filafili.
Ya dube shi, ya dubi rawayan, ya dube ni:
"Solveig ba ta iso ba tukun?"
Na ce tana hanya.
"To bar mata nata a inuwa."

Na bar mata.
Na shiga koren ni kaɗai, ban yi nisa ba,
don ina waiwayen gaɓa.
Yana can zaune kan ƙarfen aro,
ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu,
yana gadin motar da bai san ta wa ba.