Babi na Tara

Alli ya cinye yatsuna tun safe,
ɗalibai saba'in, maƙogwaro ɗaya.
A adaidaita, tsakanin Kabuga da Gwale,
na rubuta layi biyu a bayan rasit.

Sahura na jirana a babi na tara,
sati uku ke nan tana bakin ƙofa
da takalmi ɗaya a hannu.

Mai ɗab'i a Fagge ya ce takarda ta hau.
Littafin da na aro wajen Malam Garzali,
tsinken tsintsiya na nan a shafi na goma.

Likita ta ce in riƙa barci.
Yau na ajiye jan biro,
na kife waya.
Zauna, Sahura. Ni ma na zauna.