Tazarar Gida Uku

A Anka, a ajin da rufinsa ke yoyo,
Malam Sahabi ya kafe jadawalin sinadarai da ƙusa biyu.
Ya ce kowane gida da mai shi,
kowane mai gida da lambarsa,
lambar kuwa yawan furoton ce a cibiyar ƙwayar zarra,
ƙwayar da in an ajiye ta kusa da tsabar gero
sai geron ya zama dutsen Kwatarkwashi.

Na bi layi na shida da yatsa.
Saba'in da tara: zinariya.
Tamanin: zaiba, wadda Baba ke murzawa cikin laka
ta kamo masa rabonsa.
Na tsallake ɗaya.
Tamanin da biyu: dalma.

Ashe maƙwabta ne.
Ashe ba a ramin Bagega kaɗai suke kwana ɗaki ɗaya ba.

Furoton uku, Malam?
Uku kacal tsakanin abin da ya saya mana babur da kwanon rufi
da abin da ya shiga jinin Lauwali,
shekarar da Inna ke dakan dutse a turmin dawa?
Yana rarrafe a gindin turmin,
yana lasar yatsu.
Bai kai yaye ba.

Malam ya ce a haddace layin kafin Litinin.
Na haddace.
'Yan ajinmu na rera shi da ƙarfi, har da buga tebur.
Ni in na iso tamanin da biyu sai in sassauta murya,
kamar mai wucewa ta ƙofar gidan makoki.