Mai Riƙe da Littafi

Ranar Asabar, in an tashi daga koyon waƙa,
mukan ja benci biyu zuwa bayan coci.
Filibus ya hura gawayi, Keziya ta tsince wake,
ni kuwa aka miƙo mini biro da littafi,
wai ni ce mai kan lissafi.

Shinkafa mudu shida. Manja kwalba biyu.
Albasa, da cinikin da ya kusa zama faɗa a 'Yankura.
Roba arba'in da uku.
Haka nake rubutawa, haka nake karantawa
ranar Lahadi a gaban dattawa,
su gyaɗa kai, su sa mana albarka.

Ɗanliti mai adaidaita ba ya karɓar kuɗin dawowa,
ya ce a bar shi ya tsoma yatsa cikin ladan.
Daga Sabon Gari mu bi ta Bata, mu gangara
inda gadar sama ta yi wa mutane rufi
ta manta ba ta yi musu bango ba.

Can ruwan Agusta ke shigowa ta gefe, ba sallama.
Akwai matar da ke goye da 'yar tsana.
Akwai ɗan dakon da ƙafarsa ta kumbura, baro ya gagare shi.
Akwai mai tari.

Haka nake kiransa, mai tari,
kullum a jikin ginshiƙi na uku.
Ba ya buɗe robarsa sai ya yi sallah.
Ranar da butarsa ta tsage
na fasa ledar ruwa da haƙori, ina tsiyaya masa,
gicciyen wuyana na lilo a kan hannuwansa.
Ko kallonsa bai yi ba.
Ya ce, a hankali, 'yata, kar ya ƙare ban kai ƙafa ba.

Shekara ashirin da biyu, in ji shi, a masaƙa a Bompai,
har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo.
Ya murza bakin zanena da yatsu biyu,
ya ce wannan ba namu ba ne, zaren ba nauyi.
Muka yi dariya. Tari ya ƙwace tasa.

Asabar ɗin da ta wuce roba ɗaya ta ragu.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Ginshiƙi na uku: kwali a naɗe,
da sabuwar butar da muka saya masa, a kife.
Ɗan dakon ya ce, tun Talata. Da asuba aka zo aka ɗauke shi.
Na ce, yana da kowa? Yaya ma sunansa?
Ya dube ni.
Ya ce, ai na zaci kun sani,
ku da kuke zuwa da littafi.

Keziya ta fara addu'a,
ta zo wurin da ake faɗin suna, ta tsaya.
Motoci suna ta wucewa a kanmu.
Filibus ya ce, Ubangiji ya san shi.
Ba na musu.
Amma ni wata bakwai ina miƙa masa abinci
ina rubuta: ɗaya.

Sai na juya shafi, na bi su ina tambaya.
Ɗan dakon Sabi'u ne, mutumin Gumel.
Mai goyo ta ce Gambo,
ta ce a rubuta ta bayanta ma, Ummita, kar a manta da ita.
Wani ya ce, me za ki yi da shi, hukuma za ki kai?
Ya juya mini baya. Da gaskiyarsa.
Wata tsohuwa ta ce, ke fa?
Na ce Jummai. Ta ce, ashe 'yar Juma'a ce,
ta maimaita sau biyu kamar mai ɗanɗana gishiri.

Ranar Lahadi na miƙe na karanta sunaye talatin da tara.
Wani dattijo ya ɗaga hannu: to, nawa aka sayi shinkafar?
Na faɗa masa. Haƙƙinsa ne.

Layin farko na shafin nan
har yau ban sa masa komai ba.