Ranar da Inji Ya Yi Shiru a Galma

Mun bar gaɓa bayan la'asar,
buhu tara na albasa, kwando huɗu na tattasai,
Inna Tasalla zaune kan ƙullin kayanta,
Barau, yaron jirgina, yana gatsar rake.
Ni ke riƙe da hannun inji,
wanda na saya da adashen shekara biyu
a wani shago a Sabon Gari,
mai shi ya rantse mini bai taɓa tari ba.

A tsakiyar dam ya yi tarin.
Sau ɗaya. Sau biyu. Ya ja numfashi,
sai shiru.
Irin shirun da za ka ji
ruwa na lasar haƙarƙarin jirgi,
ka ji tirela can kan hanyar Jos
kamar daga wata duniya.

Na ja igiya. Na sake ja.
Na ja har kafaɗata ta amsa.
Na kwance fulogi, na hura, na goge da bakin riga,
na zuƙi tiyo, na tofar:
ashe rabin abin da ɗan bumburutu ya auna mini
ruwa ne.
Ruwa a ƙasa, ruwa a tanki,
bakina kaɗai ya bushe.

"Ina filafili?" in ji Inna.
Barau ya dube ni, na dubi sama.
Tun ran da inji ya shigo gida
na jingine filafili bayan rumbu,
gara ma ta fara ɗanɗana shi.
Muka zura gora har iya hannu,
ba ta taɓo ƙasa ba.

Gabas ta haɗe rai.
Balbelu suka wuce ƙasa-ƙasa, ba sallama.
Ruwa na janmu sannu, kamar mai jan akuya kasuwa,
zuwa inda dam ke zubar da rararsa,
ina jin rurinsa a cikin cikina.

Inna ta tofar da goro.
"Kwance tamfol ɗin nan da ka rufe albasa.
Na zauna Yawuri da marigayi shekara shida,
na ga masunta na hawan iska.
Abin da kake tsoro, shi zai kai ka."

Muka kafa gora tsakanin buhuna,
na zare igiyar injin, wadda ta ci mini kafaɗa,
na ɗaure sama.
Ƙasa ba abin ɗauri,
ta tuɓe ɗankwali ta miƙo,
furfura a waje, ko a jikinta.
Barau ya damƙi gefe da hannu biyu,
na ɓalle katakon zama na tsoma a baya.

Tamfol ya yi faɗa, ya mare ni,
ya yi laushi,
sannan ya cika,
kamar kumatun yaro mai hura wuta.
Jirgi ya karkata, Barau ya kira uwarsa,
tattasai ya bi ruwa ja-ja-ja,
amma rurin nan ya koma bayanmu.

Ba Dakace muka sauka ba.
Cikin masarar wani bawan Allah muka kutsa,
taɓo har gwiwa, ruwan sama na dukan ƙeya,
mai gona na tsaye da fartanya
ya rasa ta inda zai fara faɗa.

Buhu biyu suka ruɓe.
Jatau makaniki ya wanke kabireta, ya karɓi dubu huɗu,
ya ƙara mini da dariya kyauta.
Filafili yanzu na kwance ƙarƙashin ƙafata,
da ramukan gararsa.

Na je mayar wa Inna kuɗin jirgi,
ta ce in riƙe.
Ɗankwalinta dai, ta ce, atamfa ne,
kuma har yau
tana jira.