Minti Huɗu

Duk daren Alhamis, in na ajiye tarago a garejin Lodz,
nakan hau bene na huɗu, in tuɓe takalma,
in kunna kwamfutar da Mieszko ya harhaɗa da hannunsa
shekara bakwai ke nan, kafin ya tafi Bergen waldar jiragen ruwa.
Shi can, ni nan, mu shiga wasa ɗaya,
dakaru biyu masu gadin gada guda.

Tun farkon sanyi ta soma yi min gardama.
In ɗaga takobi, hannu ya tsaya cak,
kogi ya daskare, tsuntsu ya maƙale a sama,
sai ta zabura, in tarar an kashe ni tuntuni.
Dokina na sukuwa kamar mai in'ina.
Mieszko ya ce a kunnena,
"Ludwik, kai ka tsufa ko ita?"

Shiga wasan ma minti huɗu cur,
wani siririn layi na jan ciki a gindin allo.

Na rage inuwa, na rage ciyawa, na kashe ƙyallin ruwa,
har dajin ya koma zanen ɗan firamare.
Ba ta fasa ba.
Na sabunta direbobin katin hoto,
ni da nake direba ban san tana da nata ba.
Na kori manhaja goma sha ɗaya
masu laɓewa a baya suna shan jininta.
Na jawo kebul tun daga falo,
Bogna ta yi tuntuɓe da shi sau biyu,
ta yi min kallon da ya fi zagi.

Ran Asabar na kwantar da ita kan teburin abinci.
Noti shida a cikin kofin shayi.
Ashe fanka ta tara gemu,
gashin magenmu ne, toka-toka, curi guda,
ba mamaki zazzaɓinta ya kai digiri casa'in da biyu.
Man da ke bisa ƙwaƙwalwarta ya bushe ƙamas.
A cikin murfi, rubutun ƙanena a karkace:
"Kar ka taɓa komai, kira ni."
Ban kira ba.
Na hure, na goge, na ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake.

Saura tsohon faifan ajiya
mai ƙyat, ƙyat, kamar agogon asibiti.
Jagoda, yarinyar shagon Piotrkowska, ta kara shi a kunne,
ta ce, "Wannan ya ci fansho."
Ta miƙo min wani abu bai fi cingam ba,
zuloti ɗari biyu da arba'in.

Alhamis ta zo.
Daƙiƙa tara! Ko ruwan shayi bai tafasa ba.
Takobi na sheƙi, doki kamar iska,
muka tsare gadar, muka ci sau uku a jere.
Ya ce madalla, ya ce sai da safe.
Ɗakin ya yi tsit.
Ko fankar ba ta ce uffan ba.

Nan na zauna ina lissafi.
A minti huɗun nan ne nake jin labarin gwiwarsa,
da ruwan Bergen da ba ya ɗaukewa,
da wata da yake ambata ba ya faɗin sunanta.
A nan yake tambaya ko Mama na shan magani.
Garin neman gira.

Da Alhamis ta zagayo, komai ya buɗe fes,
na ɗora yatsa kan maɓalli, ban danna ba.
"Me kuma ya faru?"
Na ce, "Tana lodi."
Shi ya haɗa ta, ya san ƙarya nake.
Na ji ya ja kujera, na ji ya buɗe gwangwani.
Can ya ce, "To.
Ya ƙafar Mama?"