Lamba Arba'in da Bakwai

Ni ne tafintan Aboabo.
Duk wanda ya sauko daga Tek da jaka a kafaɗa,
ƙofarmu ake nuna masa.

Na farko Dakta Boakye ne, mai sauro.
Ya kafa tarko bayan makewayinmu,
kwana uku yana jiran abin da muke kora da mafici.
Da asuba ya ƙirga su da ɗan hantsaki,
ya ware mata, ya zubar da maza.
Inna ta leƙo ta ce:
yau ga mai kiwon abin da ba ya ƙiba.

Sai Afiya mai kwalabe.
Ta tsuguna bakin rafin da ya manta shi rafi ne,
ta ɗebi baƙin ruwan nan a hankali, kamar turare,
ta rubuta kwanan wata a cikin kowace kwalba.
Na ce, hancina ya riga injinki sanin amsa.
Ta ce, hanci ba ya shiga rahoto.

Wani dogo kuma Hausarmu ya zo nema,
da na'ura mai jan ido.
Wai mun yar da "ta" a hanya,
muna ce wa mace "ya zo".
Inna ta gyara zama:
ɗana, fataken goro ne suka haife mu.
Daga Kano zuwa Salaga zuwa nan,
in kaya ya yi nauyi dole a sauke wani abu.

Sannan masu takarda mai shafi goma sha biyu.
Mutum nawa ke kwana a ɗakin nan?
Sidi nawa koko ke kawowa a yini?
Kina cikin jin daɗi ƙwarai, ko kaɗan, ko babu?
In juye tambaya cikin Hausa,
in juye amsa cikin Turanci,
kamar mai sauya wa manja kwalba:
kullum sai wani ya maƙale a gindi.
Inna ta ce, alhamdu lillahi, muna lallaɓawa.
Na duba, babu akwatin wannan.
Na ɗora alama a kan "kaɗan",
na kwana da ita a ƙirji.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
bayan damina huɗu an haƙa mana famfo,
aka ce kwalaben Afiya ne suka yi magana a Ankara.
Gidan sauro ma ya zo, shuɗi, mai warin magani.
Sauran tambayoyin sun hau mota a Kejetia,
ba su aiko ko da gaisuwa ba.

Jiya Zulfa'u, 'yar ƙanwata,
wadda ta girma tana wanke kofunan koko,
ta dawo daga ɗakin karatu da shafi guda a hannu.
Kawu, karanta.
Mai amsa ta arba'in da bakwai.
Mace, shekara sittin da ɗaya.
Ba ta yi karatu ba.

Ba ta yi karatu ba!
Sahadatu da ta sauke tun tana budurwa,
mai rubuta bashin mutum talatin da ajami
a bangon kicin da gawayi,
ba ta taɓa ɓatar da ko sisi ba.
Shekara biyu ke nan tana maƙabartar Tafo.
Bakina ne ya fassara ta,
hannuna ne ya cike akwatin.

Zulfa'u ta naɗe shafin, ta sa a jaka.
Gobe za ta fara nata zagayen,
gida sittin daga Asawase zuwa Sawaba,
kan hawan jinin mata masu kwana gaban murhu.
Ba ta buƙatar tafinta.
Na leƙa takardarta: akwatuna na nan, kamar na kowa,
amma ƙarƙashin kowace tambaya
ta bar fili, faɗin tafin hannu.

Na ce, wannan fa?
Ta ce, na masu lallaɓawa ne.