Saura Yunit Uku

Madam Odegaard ta juyo mini da fuskar kwamfuta,
ta ɗora bakin biro kan wani gurbi da ba komai ciki.
Ta ce, Linnea, lissafinki ya cika, ƙididdiga ta cika,
kin haye darasin kuɗi da banki, kin haye na haraji,
kin zauna ajin tarihi, ko da rabinsa gyangyaɗi ne.
Amma ga rami nan.
Kimiyya, yunit uku.
In babu su, babu hula, babu riga ranar yaye ɗalibai.

Na ce, ni tattalin arziki na zo karantawa.
Ta ce, duk wanda ya zauna kujerar nan haka yake faɗa.

A waje ƙanƙara ta binne motocin Fargo har ƙugu.
Na kira babana, yana rumfa yana kwance injin tonon gwozar sukari.
Tambaya ɗaya ya yi: nawa ne?
Na faɗa.
Ya yi irin shirun da yake yi in farashi ya karye,
sannan ya ce, lodin mota guda ke nan.

Ajin taurari ya cika tun Litinin.
Na tsuntsaye ya ci karo da aikina na kanti.
Abin da ya rage a ƙasan takarda
shi ne ilmin ƙasar noma, bakwai na safe,
ni da na ɗaure akwati don in rabu da laka.

Dakta Ruzicka ba ta gaishe mu ba.
Ta bi mu ɗaya-ɗaya da bokiti,
ta sa wa kowa curi a tafin hannu.
Jiƙa. Murza. Matsa tsakanin babban yatsa da manuni.
In ta miƙe kamar zare ba ta tsinke ba, yumɓu ce.
Ta ce ku shinshina, ba ta cizo.

A wancan ginin ƙasa harafi ce a allo,
tana zaune tsakanin ƙwadago da jari,
ba ta wari, ba ta shiga farce.
Shekara uku ina raba ta, ina ninka ta,
ban taɓa wanke hannu bayan darasi ba.

Nan aka gaya mini kwarinmu gindin tsohon tafki ne,
cewa kaurin yatsa na baƙar ƙasar sama
ya girmi kakan kakana,
kuma iska na iya kwashe shi a yini guda
in an bar gona tsirara bayan girbi.

Na san wannan baƙin.
Tun ina ƙarama nake ganinsa a kwalbatin bakin hanya,
ƙanƙara fari fat, samanta kamar an zuba toka.
Muna kiransa datti.
Ashe gonarmu ce ke tafiya,
kuma ba shafin da muka taɓa rubuta ta
a littafin shiga da fita.

Hutun Ista na je gida da leda da ƙaramin shebur.
Baba ya tsaya daga nesa, hannu cikin aljihu,
yana kallon 'yarsa mai digiri saura ƙiris
durƙushe a fegin arewa tana tono.
Da sakamako ya fito na kai masa.
Ya karanta a tsaye, ya ninke huɗu,
ya ce kofi ya huce.

Ban ci darasin da kyau ba.
Sunayen ƙasa goma sha biyu sun watse mini a jarrabawa,
makina ya sauko kaɗan, na ji haushi mako guda.
Madam Odegaard ta danna, gurbin ya cike,
ta kira na baya a layi,
wani dogo da bai ga dalilin ajin waƙa ba.

Da kaka ta zagayo, bayan an tone gwoza,
na ga tsanwa a fegin arewa.
Hatsin rufi ne, kadada goma sha shida kawai,
sauran gonar tana nan tsirara yadda ta saba.
Ban tambaya ba, bai faɗa ba.
Har yau in zancen ya taso a teburin abinci
lodin mota guda yake kiransa.